Wasiƙa Zuwa ga Aminina Kan Aikin Masana Muhalli

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, wasiƙarka ta iso ni, kuma na daɗe ina juya damuwarka a kan ɗanmu da ya ƙudurta karanta ilimin alaƙar halittu da muhallinsu, wanda kake fargabar zai ƙare rayuwarsa yana ƙirga tsuntsaye a daji.

Da a zamanin Ernst Haeckel ne, Bajamushen da ya raɗa wa fannin suna a 1866, da na ce kana da hujja, domin a lokacin aikin masanin bai wuce lura da rubutawa ba. Al'amarin ya sauya sosai daga 1962, lokacin da Rachel Carson, wata masaniyar halittu 'yar Amurka, ta bayyana wa jama'a yadda maganin ƙwari na DDT yake taruwa a jikin halittu yana hallaka tsuntsaye, har Amurka ta hana yawancin amfani da shi a 1972. Tun daga nan masanin ya zama mai ba da shaida a gaban hukuma, daga baya kuma ya zama mai gyara, kamar yadda aka gani a 1995 da aka mayar da kyarketai gandun dajin Yellowstone na Amurka bayan shekaru kusan 70 babu su.

Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne labarin Maradi a Nijar. A 1983 Tony Rinaudo, wani masanin aikin gona ɗan Ostireliya, bayan dashen bishiyoyin da yake yi ya yi ta mutuwa, ya lura cewa ƙananan tsirran da ake sarewa a gonaki toho ne daga kututturan bishiyoyi masu rai a ƙarƙashin ƙasa. Manoma suka riƙa barin 'yan rassa masu ƙarfi suna sassabe sauran, maƙwabci yana koya daga maƙwabci, har bishiyoyi suka dawo a fili mai faɗin kimanin hekta miliyan 5. Masu bincike sun tabbatar da girman aikin ne daga baya, da hotunan tauraron ɗan'adam. Manoman ne suka riga su, kuma a ganina wannan ya koya wa fannin tawali'u.

Ɗanmu zai buƙaci wannan tawali'un ƙwarai. A Disamban 2022, a birnin Montreal na Kanada, ƙasashen duniya suka amince su killace kashi 30 cikin 100 na tudu da teku kafin 2030. Filayen nan akwai makiyaya da masunta da manoma a cikinsu, kuma masanin da zai shata iyaka bai zauna da su ba zai iya raba bayin Allah da abincinsu da sunan ceton namun daji. Wannan yana damuna matuƙa.

Ka bar shi ya karanta. Ka dai ja hankalinsa ya riƙe lissafi da aikin taswira a kwamfuta da kyau, ya kuma saba da zama a gaban dattijon manomi yana sauraro. Ka ce masa ya rubuto mini da kansa.

Ka gaishe mini da iyali baki ɗaya.

Naka amini.