Wasiƙa Zuwa Ga Aminina a Alƙahira Kan Buga Waƙoƙinsa

Zariya.

Aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya kai da iyali, kuma karatu yana tafiya yadda ake so. Waƙoƙin da ka turo sun iso, na karanta su a tsanake, na kuma daɗe a kan 'yar ƙwar biyar ɗin da ka yi wa Inna, wadda amsa-amonta bai karye ba ko a baiti ɗaya duk da tsawonta. Dalilin wannan takarda shi ne tambayar da ka yi, wato ina mutum zai kai irin wannan aiki a buga masa.

Roƙona na farko shi ne ka daina sanya kowace waƙa a Facebook da zarar ka ajiye alƙalami. Yawancin mujallun adabi suna gindaya sharaɗin cewa abin da za a aiko musu bai taɓa fita ko'ina ba, kuma da dama daga cikinsu suna ɗaukar abin da mutum ya sa a shafinsa a matsayin wanda aka riga aka buga. Na san daɗin ganin mutane suna cewa "Allah ya ƙara basira" a ƙarƙashin waƙa, amma wannan yabo ba ya gyara ɗango ɗaya, kuma bayan kwana biyu waƙar ta nitse. Ka ware mafi kyawunsu ka riƙe su domin edita.

Na ambaci edita ne saboda shi ne ainihin ribar mujalla. Ka tuna cewa tun da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a nan Zariya a 1939, Abubakar Imam yana editanta na Hausa, mawaƙa da masu rubuta wasiƙu suka samu wurin da ake tace maganarsu kafin ta isa ga jama'a. Haka ya faru a kudu da mujallar Black Orpheus da aka kafa a Ibadan a 1957, da Okike wadda Chinua Achebe ya kafa a 1971, inda marubuta da yawa suka fara fitowa tun babu wanda ya san sunansu. Abin da ke damuna ƙwarai shi ne, duk da yawan masu karanta Hausa daga Kano zuwa Damagaram har Kumasi, mujallun da suka keɓe kansu ga waƙa da ƙagaggen labari da Hausa ba su taka kara sun karya ba. Mujallun jami'a irin su Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero na nazari ne, don haka a yanzu filin adabi na jaridu kamar Aminiya shi ne ƙofa mafi kusa ga waƙar Hausa zalla.

Ƙofa ta biyu ita ce fassara, kuma kada ka raina ta. Akwai mujallun intanet na Afirka da ke karɓar aiki da Ingilishi, irin su Lolwe ta Kenya, da Isele da Omenana waɗanda 'yan Najeriya suka kafa, kodayake ita Omenana ta labaran ƙirƙira ce masu ban al'ajabi da na kimiyya. Gasar gajerun labarai ta Commonwealth tana karɓar labarin da aka fassara zuwa Ingilishi, ba a biyan ko sisi wajen shiga, sai dai dole ya zama bai taɓa fita ba. Ita kuwa kyautar Caine ta gajerun labaran Afirka akasin haka take: sai labarin da aka riga aka buga, kuma mujalla ko kamfanin da ya buga shi ne ke miƙa shi, wanda ke nuna maka cewa mujalla ce matakin hawa can. Ka kuma gaya wa uwargida, tunda ita ma tana rubutu, cewa gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta mata ce zalla.

In za ka aika, ka fara karanta fitowar mujallar biyu ko uku domin ka san ɗanɗanonta, sannan ka bi ƙa'idojinta sau da ƙafa. Waƙa uku zuwa biyar sun isa, tare da taƙaitaccen tarihinka, kuma ka tabbata ƙ da ɗ da ɓ sun fito da lanƙwasarsu, domin na ga a kwafin da ka turo wayarka ta mayar da "ƙasa" ta koma "kasa" a baiti na huɗu, ma'anar ta juye gaba ɗaya. Amsa takan ɗauki watanni, kuma sau da yawa ta ƙi ce. In haka ta faru, ka sake duba aikin ka tura wani wuri. Duk wanda ya ce ka biya kuɗi kafin ya sa waƙarka a kundi, ka yi taka-tsantsan da shi, kuma kafin ka amince da kowace yarjejeniya ka tabbata haƙƙin mallakar waƙar yana hannunka.

Ka zaɓo uku da ba ka taɓa sakewa ba ka turo mini kafin ƙarshen wata, mu duba su tare, ni kuma zan gwada fassara waƙar Inna idan ka yarje mini. Ka gaida uwargida da yara, mutanen gida duk suna gaishe ka.

Wassalam,
Naka amini.