Amsa ga Alhajin da ya tambaye ni a rediyo

Assalamu alaikum, Alhaji.

Ranar Asabar, a shirin lafiya da ake bugo waya, ka ambaci kantina na nan Birnin Kebbi, ka ce na hana mahaifiyarka maganin ciwon gwiwa da likita ya rubuta mata. Ka tambaya wa ya naɗa ni likita, ka kuma tambaya ko maganin da na ce a koma masa ya fi kawo mini riba ne. Ta farkon ba ta dame ni ba. Ban taɓa cewa ni likita ba ce. Shekara 5 na yi ina karatun haɗa magunguna a Zariya, ina da rajista da PCN, hukumar da ke kula da masu haɗa magunguna a Najeriya, kuma duba takardar likita kafin a miƙa magani yana cikin aikin da aka ba ni lasisi dominsa. Ta biyun ce ta hana ni barci.

Tunda kai da bakinka ka karanto magungunan Hajiya duniya na ji, ba asirin mara lafiya zan tona ba. 'Yarka ta zo da takardar diclofenac. Na ce ta koma ta kwaso mini duk abin da kakarta ke sha. Ta dawo da leda cike: lisinopril da ƙwayar sa fitsari na hawan jini daga wani asibiti, glibenclamide na ciwon suga daga wani asibitin daban, sai ƙullin haɗi daga kemis, wanda ka yaba a rediyo cewa shi ke tashinta garau. A cikinsa na ga piroxicam da dexamethasone. Likitan da ya rubuta diclofenac bai taɓa ganin ledar nan ba, don babu wanda ya kai masa.

Diclofenac da piroxicam 'yan gida ɗaya ne. Suna cin bangon ciki a hankali, har wata rana a ga bayan gida ya yi baƙi kamar kwalta, jini ne ke zuba. Suna kuma rage jinin da ke isa ƙoda. In suka haɗu da lisinopril da ƙwayar fitsari, an yi wa ƙodar taron dangi ke nan. Ƙodar wadda ta haura 80 ba ta mai shekara 30 ba ce, ga zafin Afrilu na garin nan da ke wuce digiri 40, ga shi tsoho ba ya saurin jin ƙishirwa. Dexamethasone kuma yana ɗaga suga da hawan jini, wato abin da ake biyan kuɗi a saukar. Shi kansa glibenclamide yakan kayar da sugan tsoho warwas, musamman da azumi. Sai a ga zufa da rawar jiki da sambatu, a ce iska ce ko ruɗin tsufa. Ba ra'ayina ba ne. Tun 1991 wani likita a Amurka, Mark Beers, ya fitar da jerin magungunan da ake kaffa-kaffa da su ga tsofaffi, an sake sabunta shi a 2023, kuma waɗannan na ciwon gwiwa da na suga suna ciki.

Ban canza komai da hannuna ba. A gaban 'yarka na kira likitan, na karanta masa abin da ke ledar. Shi ya soke diclofenac ɗin, ya ce a ba da paracetamol da man shafawa, a yi gwajin ƙoda. Dexa ɗin ma ba a ce a yanke shi rana ɗaya ba, wanda ya daɗe yana sha sai a janye masa kaɗan-kaɗan.

To ina ribar, Alhaji? Paracetamol na cikin mafi arha a kantina. Ka tambayi 'yarka nawa ta mayar maka canji.

Daga gidanka zuwa wurina bai kai tafiyar minti 10 ba, amma ba ka tako ba, sai ka nemi inda jama'a za su ji. Ka girme ni, ba zan so in yi maka rashin kunya ba, amma zuciyata tana gaya mini abin da ya yi maka ciwo shi ne haɗin nan kai kake saya wa Hajiya. Na san don tausayi kake yi. Da ka fito ka faɗi haka, da ya fi ka jefe ni da cin amana.

Abin da ke ƙona mini rai, ka je kasuwar Jega ko ta Argungu ka ga tire-tiren magani a tsakiyar rana, mai talla da lasifika yana ƙulla wa tsoffin manoman fadama na ciwon jiki. Ban taɓa jin ka tambayi wa ya naɗa su ba. A 2018 gwamnati ta hana maganin tari mai kodin saboda ɓarnarsa ga matasa ta fito fili. Ta tsofaffi a ɗaka take faruwa, ƙafa ta kumbura, fitsari ya ragu, a ce kwana ne ya ƙare.

Har yanzu ban ga sakamakon gwajin ƙodar Hajiya ba. In an yi, ka kai wa likitanta tare da ledar gaba ɗaya. In ba a yi ba, don Allah kada ya wuce makon nan. Ka gaishe ta da jiki.