Ƙurjin da ya ƙi warkewa ba abin rainawa ba ne

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku domin in ja hankalin masu karatu kan sankarar fata, musamman nau'in da likitoci ke kira basal sel kasinoma, wanda ya fi kowane nau'i yawa a duniya, kuma shi ne aka tabbatar mini ina ɗauke da shi.

Abin da ya fi damuna game da wannan ciwo shi ne lallaɓawar da yake yi. Yakan fara ne kamar ɗan ƙurji mai sheƙi a hanci, kunne, goshi ko wuya, wato inda rana ta fi duka, ya yi jini, ya yi ɓawo, ya lafa kamar ya warke, sannan ya dawo, galibi ba tare da zafi ba, har mutum ya shafe watanni yana shafa magunguna barkatai. Gaskiya ne da wuya ya bazu zuwa sauran sassan jiki, amma idan aka bar shi yakan ci nama har ya kai ga ƙashi, kuma a fuska wannan ba ƙaramar asara ba ce.

Hanyar tabbatar da shi ita ce likita ya yanki ɗan ƙanƙanin fatar a duba a ɗakin gwaji. Idan aka gano shi da wuri, yawanci ƙaramar tiyata ce da allurar kashe zafi, mutum ya koma gida a ranar, sai dai dole ya ci gaba da zuwa a duba shi, domin wanda ya taɓa yi yana iya sake yi.

Masu cewa baƙar fata ba ta kamuwa sun yi kuskure. Haɗarin ya fi yawa ga masu hasken fata, musamman zabaya, amma tsohon tabon ƙuna ko gyambon da ya daɗe na iya rikiɗewa zuwa wani nau'in sankarar ga kowa. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun bayyana cewa kusan mutum 19,000 ne suka mutu a 2019 sakamakon waɗannan nau'o'in sankarar fata da aiki a cikin rana ya haddasa.

Ina roƙon ku gayyato likitan fata ya yi wa jama'a bayani a shafinku na lafiya, tare da hotunan da za su taimaka a gane alamomin.

Naka,
Wani mai karatu