Koke Kan Feshin Magani A Filin Golf Da Ke Maƙwabtaka Da Mu

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, mu talakawanka da ke zaune kewaye da filin wasan golf ne muka kawo kukanmu, kuma maganar ruwan da muke sha ce.

Ciyawar filin nan da ake gani kore shar, ba haka kawai take ba. Ana aske ta ne ƙasa-ƙasa, shi ya sa cuta ke saurin kama ta, sai a yi ta feshi, yau maganin ƙwari gobe na ciyawa jibi na ruɓa. Wajen ramukan da ake jefa ƙwallo kuma galibi a kan yashi ake shuka ta da bututu a ƙasa don kar ruwa ya kwanta, to in aka fesa aka yi ban ruwa ko sama ta zubo, ina ruwan yake zuwa in ba rafi da rijiyoyinmu ba? Ranar da iska ta juyo kuwa har cikin ɗaki warin ke shigo mana, ga yara ga masu ciki.

Wallahi ba tsoron banza muke ba. Tun 2015 sashen binciken cutar kansa na Hukumar Lafiya ta Duniya ya sa maganin kashe ciyawa mai suna glyphosate cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo cutar kansa. Tarayyar Turai ta hana maganin ƙwari mai suna chlorpyrifos a 2020 saboda illarsa ga ƙwaƙwalwar yara. A 2025 ma wani bincike a Amurka ya gano cutar Parkinson, mai sa karkarwar jiki, ta fi yawa a cikin masu zama dab da filayen golf, musamman inda ruwan ƙasa ke saurin gurɓata.

Ba mu ce a rufe filin ba, 'yan'uwanmu na cin abinci a wajen, kuma su ɗin ne ma suka fi shaƙar abin, wasu ko takunkumi da safar hannu babu.

Dan Allah ranka ya daɗe a kira mana masu filin su zauna da mu a gabanka, su kawo sunan duk maganin da suke fesawa a rubuce. Jami'an lafiya su ɗebi ruwan rijiyoyi da na rafi a kai gwaji kafin damina da bayanta, a karanta mana sakamakon kowa ya ji. A daina feshi a bakin ruwa da jikin katangar gidaje, a dinga sanar da mu tun ana gobe, ma'aikata kuma a ba su kayan kariya.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya ja zamaninka.

Mu ne talakawanka,
Mazauna kewayen filin golf