Gyaran birki a Legas: ko ka biya da tsada, hankalinka ba ya kwanciya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu in amayar da abin da ya tsaya min a rai tun cikin damina. Ni mutumin Ɗambatta ne, amma shekarata goma sha bakwai ke nan a Legas. Sana'ata jigilar kayan gwari. Da asuba nake lodin tumatir da attaruhu da albasa a kasuwar Mile 12, in rarraba wa masu gidajen abinci a Maryland da Yaba da Surulere, wani lokacin har Obalende. Motar tsohuwar Sienna ce da na cire wa kujerun baya. Ita ke ci da ni da iyalina, da tsohuwa can gida.

Wata Talata, an kwana ana ruwa, na fito da kwando takwas da buhu uku na albasa, ɗan yayata yana gefena. Daidai Ojota wata danfo ta ci birki a gabana za ta ɗauki fasinja, halinsu dai da kowa ya sani. Na taka nawa, sai na ji ƙarfe na cin ƙarfe, ƙafata ta nutse. Yaron nan ba abin da yake iya faɗa sai "Kawu! Kawu!" Na yi ta famfo da ƙafa ina salati, na karya kan motar gefen kwalbati. Allah Ya tsare, muka tsaya, tsakaninmu da bayan danfon bai fi taku ɗaya ba. Kwando biyu suka kife, tumatir ya zama miya tun kafin ya ga tukunya.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne, sati shida kacal da na canza fad ɗin gaba, wato abin da ke matse faifan taya in ka taka birki. Kuma ban bi araha ba. Bakaniken da ya yi aikin, wani ne a bakin titi, ya ce akwai na dubu 14, akwai na dubu 28, akwai na sama da dubu 40. Na ce a sa na tsakiya, na ƙara dubu 4 kuɗin aiki. Yaronsa ya dawo da kwali mai sheƙi, da tambari, har da 'yar takarda mai walƙiya a manne. Ni da ban san komai ba bayan sitiyari, da me zan gane?

Aka ja motar zuwa Agege, wurin wani dattijo Bakano da ya fi shekara talatin yana kwance ƙafar mota. Ya sa jak, ya cire taya, ya zaro fad ɗin. Lainin, wato ɓangaren da ke gogar faifan, ya ɓanɓare daga jikin ƙarfensa gaba ɗaya. Ya sa farce ya ɗan kankara, sai ga shi yana marmashewa kamar ƙuli-ƙuli.

"Ɗana, wa ya sa maka wannan?"

Na gaya masa, na kuma faɗi abin da na biya.

"To ai gawayi aka manna maka da gam. Kawo hannunka."

Ya ɗora yatsana a kan dis ɗin, wato faifan ƙarfen da fad ke matsewa. Duk ya yi layi-layi kamar kunyar gona. Na ce, "Baba, ba za a iya gogewa a inji ba?" Ya ce an taɓa goge shi, ya riga ya sirance, in aka ƙara zai lanƙwashe da ya ɗauki zafi. Kuma dis ba a canza ɗaya a bar ɗaya, in ba haka ba motar ta riƙa fizga gefe duk sanda ka taka.

Ga yadda lissafin ya tashi. Dis biyu na Beljiyam, wato na hannu da aka shigo da su daga waje, dubu 70, fad dubu 42, man birki dubu 9, kuɗin aiki da cire iska dubu 12. Dubu 133 ke nan, ban da dubu 32 ɗin da na zubar a baya, ban da kwana uku da motar ta yi a gareji, ban da kwastoma ɗaya da ta koma wa wani saboda ban kai mata kaya ba. Lokacin da na sayi motar nan a 2016, da dubu biyar nake canza fad har in ba yaron bakanike na shayi.

Ban ce masu sayar da kayan gyara duk azzalumai ne ba. Kusan duk abin da ke jikin ƙafar mota shigo da shi ake yi, ya sauka a tashar jiragen ruwa ta Apapa ko Tin Can kafin ya isa Ladipo da sauran kasuwanni, kuma da dala ake sayo shi. Dalar da gwamnati ke bayarwa a kusan naira 460 kafin watan Yunin 2023, ta haura 1,500 a 2024. Sai ga cire tallafin mai na ranar 29 ga Mayun 2023, wanda ya lashe ɗan rarar da direba ke ajiyewa don gyara. Wannan duk mun haɗiye. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne a ce farashi ya daina nuna maka inganci. A da in ka sayi na araha ka san abin da ka saya. Yanzu jabu da na gaske kwali ɗaya suke sanye da shi, farashin ma kusan ɗaya.

Sannan Legas gari ne mai cin birki. Daga Ketu zuwa Ojota kaɗai, in gosulo ya haɗu, ƙafarka ba ta sauka daga kansa. Ga ruwan da ke kwanciya a titi, ga laka, ga tsatsa. Baba ya koya min wani abu da ban taɓa ji ba duk tsawon tuƙina: man birki yana shan laima daga iska, in ruwa ya yi yawa a ciki sai ya tafasa lokacin da birkin ya yi zafi, ka taka ka ji kamar soso. Shi ya sa ake so a zubar a sa sabo kamar duk shekara biyu. Mu kuwa ciko kawai muka sani. Lodin da nake wa motar ma ya wuce ƙima, wannan laifina ne, ba zan ɗora wa kowa ba.

Ka zo tasha ka ga abin da tsadar nan ke sa mutane yi. Wani fad ɗin Beljiyam da aka ci rabinsa zai saya. Wani tsohon ƙarfen zai kai a manna masa sabon laini. Na ga wanda tiyon ƙafa ɗaya ke yoyo, aka toshe shi, ya ci gaba da aiki da birkin ƙafa uku. Na ga, da idona, yaron mota yana ɗura ruwan omo a madadin man birki. In ka yi magana a ce maka tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Amma direban da zai kai balas da yamma, mai motar kuma ba ya son jin kalmar gyara, me kake so ya ce? Waɗanda ke Legas a ranar 28 ga Yunin 2018 ba za su manta gadar Otedola ba, inda tankar mai ta kama da wuta, aƙalla mutum tara suka rasu, motoci sama da hamsin suka ƙone, hukumomi kuma suka ce birki ne ya shanye.

Gwamnatin Legas ta tilasta a kai mota cibiyar gwaji kafin a ba ta takardar lafiya, kuma na ga amfanin abin. Sai dai injin yana auna yadda birki ke kamawa a ranar ne kawai. Fad ɗina, da an kai shi a satin farko, da ya ci jarrabawa. Don haka nake kira ga hukumar SON mai kula da ingancin kaya da jami'an kwastam su tare jabun tun daga bakin ruwa. Shugabannin kasuwannin kayan gyara kuma su wajabta ba da rasit mai sunan shago, don wanda aka cuta ya san ƙofar da zai buga.

Mu bakwai masu jigila a layinmu mun fara adashen gyara, dubu biyu kowace Juma'a, ba a ɗauka sai don birki ko taya, kuma wurin Baba kaɗai ake kai motar. Ɗan yayata dai har yau bai yarda ya sake zama a gaba ba. Ɓanɓararren fad ɗin yana nan a aljihun ƙofar motata, duk direban da ke son ya kankara da farcensa ya same ni a Mile 12 bayan sallar asuba.

Wassalam.

Mai karatunku,
daga Mile 12, Legas.