Layi Biyu Sun Fito A Awon Palu, Amma A Duba Ƙafar Mara Lafiya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarku mai farin jini domin mu ja hankali kan wani abu da ke wucewa ta gaban teburin awo a likitocin jihar Damagaram ba a lura da shi ba, musamman daga Agusta zuwa Oktoba, lokacin da layin masu zazzaɓi ke kaiwa har bakin ƙofa.

Magidanci zai zo jiki zafi rau, yana rawar ɗari. A huda yatsa, a ɗiga jini a abin awo, bayan minti 15 layi biyu su fito, alamar akwai palu. A rubuta masa Coartem, maganin palu, a kira na gaba. Ba wanda ya ce ya ɗage wando. Da an ce, da an ga ƙafa ɗaya ta fi 'yar'uwarta kauri, fatar ta yi sheƙi, tana zafi kamar an gasa, ga kaluluwa ta fito a matsematsi. Irin wannan mutum ciwo biyu ya zo da su, ya koma gida da maganin ɗaya.

Na biyun shi ne ciwon tsutsar da likitoci ke kira Wuchereria bancrofti, wanda ƙarshensa tundurmi ne a ƙafa ko hannu, ko gwaiwa ga maza. A karkarar Afirka ta Yamma sauron da ke yaɗa ta shi ne Anopheles, wato dai sauron palu, mai ƙyanƙyasa a tafkuna da ramukan da aka ɗebi ƙasar gini. Wanda ke kwana ba sange a gefen fadamun Korama ko kusa da tafkin unguwa, ƙofa ɗaya ya buɗe wa cututtukan biyu. Sai dai ba tafiyarsu ɗaya ba. Palu cizo guda ya ishe shi, cikin kwana 10 zuwa 15 mutum ya kwanta. Ita tsutsa sai cizon ya yi ta maimaituwa watanni ko shekaru, yawanci tun ƙuruciya. Ta zauna cikin siraran hanyoyin da ke kwashe ruwan jiki, ta rayu shekara 6 zuwa 8, tana zuba miliyoyin 'ya'ya cikin jini. Akasarin masu ita ba sa ganin komai a jikinsu, alhali hanyoyin suna lalacewa a ɓoye.

Abin awon palu na gaggawa ba ya ganin tsutsa ko kaɗan, ba don ita aka ƙera shi ba. Kuma yana da wata ɗabi'a da ya kamata kowane ma'aikaci ya riƙe: yakan ci gaba da nuna layi biyu makonni bayan an warke, domin sinadarin da yake kamawa yana daɗewa cikin jini. Ga kuma manya da yawa da ke yawo da ƙwayar palu da damina ba tare da ta kayar da su ba. Saboda haka layi biyu sun wajabta a ba da maganin palu, amma ba su tabbatar cewa shi kaɗai ne ya kawo zazzaɓin ba. Zazzaɓin mai tundurmi sau da yawa daga ƙafa yake tasowa: bakteriya ke shiga ta faso, ko ta ruɓewar tsakanin yatsu da muke kira cin ruwa, ko ta ƙaya da sarar hauya, ƙafar kuma ba ta da ƙarfin korar su tunda hanyoyinta sun toshe. Tashin yakan ɗauki kwanaki, har mako guda, fatar ta saɓule daga baya. Kowane tashi yana barin ƙafar ta fi da kauri da tauri. Coartem ba ya taɓa wannan.

A ɗakin awo ma akwai inda ake kuskurewa. 'Ya'yan tsutsar da rana suna ɓuya a jijiyoyin huhu, sai dare suke fitowa, daidai lokacin cizon sauro. Jinin da za a neme su a ciki sai an ɗiba tsakanin ƙarfe 10 na dare da 2 na dare. Na safe ba zai nuna komai ba. A yi ɗigo mai kauri a kan gilashi, a bar shi ya bushe sosai ba cikin rana ba, kada a zuba masa metanol, a rina da Giemsa kamar na palu. Sannan a fara dubawa da ƙaramin idon madubin awo (mikroskop) mai ninki 10, a bi gilashin kaf, kafin a sa mai a koma ninki 100. Mai gaggawa yakan zarce ninki 100 kai tsaye yana neman palu, ya tsallake tsutsa mai tsawon kusan kwatan milimita tana kwance gefe, domin filin da yake gani ya yi ƙanƙanta. Akwai kuma takardar awon tsutsar ta gaggawa, mai suna FTS, da ke aiki dare da rana: jini mikrolita 75, a karanta a minti 10 cif, don in an wuce lokacin tana iya nuna layin ƙarya. Wani abin da ke ruɗa mutane shi ne, mai tundurmin da ya daɗe sau da yawa awonsa babu tsutsa, ta mutu ta bar ɓarnarta. Ido da hannu ke gano shi.

In an samu biyun tare, palu ake fara yi wa magani, domin shi ke kisa cikin kwanaki. Babba mai kilo 35 zuwa sama ƙwayar Coartem 4 yake sha sau biyu a rana har kwana 3, jimla 24, sha na biyu awa 8 bayan na farko. Daga kilo 25 zuwa 34 ƙwaya 3, daga 15 zuwa 24 ƙwaya 2, daga 5 zuwa 14 ƙwaya 1. A sha da nono ko abinci mai maiƙo, in ba haka ba hanji ba ya tsotsar maganin yadda ya kamata. Wanda ya amayar cikin rabin awa ya sake sha. Suma, jijjiga, amai ba tsayawa ko fitsari baƙi, wannan sai kwanciya da allurar artesunate. A rana guda kuma a fara yi wa ƙafar aiki: maganin bakteriya irin amoxicillin a sha shi har ƙarshe, parasitamol, tsumma mai ruwan sanyi a kan wurin, a ɗora ƙafar kan matashi, a huta. Ban da gashi da ruwan zafi, ban da sakiya, ƙaho ko shasshawa. Muna girmama wanzamai, amma kowace tsaga sabuwar ƙofa ce ga bakteriya.

Maganin tsutsar kansa sai an miƙe. Ivermectin da albendazole mai miligiram 400 ake bayarwa a rabon shekara-shekara, kuma da sandar awon tsayi ake ƙidaya ivermectin: santimita 90 zuwa 119 ƙwaya 1, 120 zuwa 140 ƙwaya 2, 141 zuwa 158 ƙwaya 3, sama da haka 4. Ba a ba mai ciki, da mai jego a makon farko, da yaron da bai kai santimita 90 ba, da wanda ke kwance cikin ciwo mai tsanani. Wanda ke da 'ya'yan tsutsa da yawa yakan ji zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi kwana ɗaya zuwa uku bayan sha, saboda mutuwarsu. Nan ma kada a yi zato, a yi awon palu, tunda wanda aka ce wa "maganin ne" yana iya zama palu ne ke cin sa. Waɗannan ƙwayoyi 'ya'yan suka fi kashewa, shi ya sa ake maimaita rabon aƙalla shekara 5. Doxycycline na mako 4 zuwa 6 yana kashe manyan, amma sai da takardar likita, kuma an hana shi ga mai ciki da yaro ƙasa da shekara 8.

Abin da ya fi rage tashin ƙafa kuwa arha ne: wanki da sabulu safe da yamma, daga gwiwa zuwa ƙasa, a bi tsakanin yatsu da cikin kowane ninkin fata, a tsane da tsumma mai laushi ba tare da gurzawa ba, a shafa maganin cin ruwa inda ya yi fari. Mun san yadda bidon ruwa ke tsada a Birni da Garin Malam da bazara, amma buta guda ta isa ƙafa. A yanke farce, a sa takalmi mai faɗi, a ɗaga ƙafar gado da bulo da dare. Gwaiwa kuma tiyata ke raba mutum da ita. Kunya ce ke sa magidanta su yi shekaru suna ɓoye ta cikin babbar riga.

Sange mai magani yana kare mutum daga cututtukan biyu. A Gambiya tsutsar nan ta ɓace ba tare da an yi rabon magani ba, masana kuma sun danganta hakan da yawan kwana cikin sange. Togo ta kawar da ita a 2017. Nijar ma a Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ta zama ƙasar farko a Afirka da ta rabu da ciwon makantar rafi, wanda shi ma wata tsutsa danginta ce ke kawo shi.

Roƙonmu ga hukumomin lafiya na jiha, daga Miriya zuwa Magarya da Matamai: a ƙara layi ɗaya a rajistar masu zazzaɓi, inda za a rubuta ko an duba ƙafa da matsematsi. Kuma masu zagayawa gida-gida da maganin rigakafin palu na yara da damina su riƙa tambayar ko akwai mai kumburin ƙafa a gidan, su rubuta sunansa su miƙa wa likitar da ta fi kusa.

Wassalam.

Daga wasu ma'aikatan jinya da masu awon jini,
Damagaram, Jamhuriyar Nijar.