Wasiƙa kan ciwon ƙirji da kafaɗa da ya ƙi tafiya

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ya jikin? Allah Ya ƙara sauƙi.

Na karanta bayaninka a kan ciwon nan da ya kama maka ƙirji da kafaɗa har tsakanin allunan baya. Kafin komai, ka je a yi maka gwajin zuciya na ECG. In kuwa ka ji kamar an ɗora maka dutse a ƙirji, ga zufa da haki, ko ciwon yana tasowa in ka hau bene ya lafa in ka huta, ko yana gangarawa hannu da muƙamuƙi, to asibiti za ka nufa a take.

In an ce zuciya kalau take, abin da na fi zargi shi ne wata ƙaramar tsoka da ke ƙarƙashin babbar tsokar ƙirji. Tana kama haƙarƙari na 3 da na 4 da na 5, ɗaya bakin kuma yana manne da wani ɗan ƙashi a gaban allon kafaɗa. Yawan sunkuyawa kan waya ko kwamfuta yana sa ta ɗaure, ta janyo kafaɗa gaba. Tsokokin da ke tsakanin allon kafaɗa da ƙashin baya sai su wuni a miƙe suna ja-in-ja da ita, har su fara raɗaɗi kamar an goga barkono. Shi ya sa tausar baya kan yi daɗi yau, gobe ciwon ya dawo, domin tushensa a gaba yake.

Ka sa yatsa ƙasan ƙashin wuya, kusa da kafaɗa, ka danna. In ciwon da ka saba ji ya taso, alama ce mai ƙarfi, ko da yake ba ta wanke zuciya gaba ɗaya. In kuma zafin yana daidai inda haƙarƙari ya haɗu da ƙashin ƙirji, kumburin guringuntsi ne mai yiwuwa. Sukar da ke zuwa da tari ko dogon numfashi kuwa, sau da yawa daga tsokar tsakanin haƙarƙari take.

Ga abin yi. Ka tsaya a bakin ƙofa, ka jingina damtse a jikin bangon gefen ƙofar, gwiwar hannu ta ɗan ɗara tsayin kafaɗa, ka taka gaba har ka ji ƙirji ya miƙe. Daƙiƙa 30, sau 3, safe da yamma. Sannan ka matse allunan kafaɗa baya da ƙasa, daƙiƙa 5, sau 10. Inda ake kuskure shi ne ɗaga kafaɗa sama zuwa kunne, sai wuya ya ɗauki aikin, ciwo ya ƙaru. In yatsu suka fara mutuwa, ka sassauta, jijiya ka matse.

Gashi da ruwan ɗumi na minti 15 yana taimakawa. Ibuprofen kuwa, kada ka sha in kana da gyambon ciki ko ciwon ƙoda. In mako 6 ya wuce babu canji, ka nemi likitan gashin ƙashi ya duba har wuyanka.

Ka rubuto mini sakamakon gwajin. Ka gaida iyali.

Naka,
Amininka